Dashen kiwi a Zariya: ganye ya cika rumfa, 'ya'ya shiru

Akwai wani matashi mai lambun dashe a bakin titin Sakkwato, tsakanin Kwangila da Samaru, irin wuraren nan da za ka ga an jera baƙaƙen ledoji a inuwa, mangwaro mai aure (wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan wani dashe), lemo, gwaiba, kashu, sai fulawoyi na masu sabon gida. Ba zan kama sunansa ba don har yanzu yana wurin yana sana'arsa. A hannun kawunsa ya koyi aikin tun yana sakandare, kuma maganar gaskiya yaron yana da hannu, in ya yi wa mangwaro aure da wuya ka ga ya ƙi kamawa. Abin da ya same shi a harkar kiwi nake so in baje a nan, saboda na ga abin ya fara yawa, kusan duk wanda ya buɗe shafin saida dashe a Facebook sai ka ga ya sa hoton kiwi an raba shi biyu kore shar yana sheƙi, a ƙasa an rubuta akwai dashe ana turawa ko'ina a Najeriya.

Shi ba shi ya ƙirƙiro abin ba, kwastomomi ne suka ja shi ciki. Mutum ya gama gini a Hanwa ko Graceland ko Zangon Shanu, ya zo sayen fulawa, sai ya ciro waya ya nuna masa bidiyon TikTok ya ce Malam kana da wannan? Yau ɗaya gobe biyu, yana cewa babu, har ya fara ganin kamar kuɗi ne yake bari suna wuce shi. Kuma ba laifin masu tambayar ba ne, kiwi a nan kayan marmari ne na masu hali, daga waje ake shigo da shi, ƙwaya-ƙwaya ake saya, to wa zai ƙi a ce ga shi a bayan ɗakinsa yana tsinka?

Sai ya je Kaduna ya sayo kiwi a babban kanti, ya matse ƙananan baƙaƙen irin nan na ciki, ya wanke ya shanya. Kiwi ɗaya mai kyau yakan ɗauki iri ɗaruruwa har ya haura 1,000, kenan ta fannin iri ba shi da matsala ko kaɗan. Shukar farko da ya yi kusan ba abin da ya fito. Ya koma YouTube ya ga ai sai an naɗe irin a tishu mai danshi an sa a firij na wasu makonni kafin ya yarda ya tsiro. Da yake wutar nan tamu kun san halinta, sai ya kai wa wani abokinsa mai saida lemon kwalba da yake da sola, aka ajiye masa a can ƙasan firij kusan wata guda. Da ya fito da shi ya zuba a faranti mai yashi da ɓuntun shinkafa da ruɓaɓɓen takin shanu, a farkon damina, sai ga tsiro caa kamar an watsa.

Ni a ganina tun a nan ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Irin da ya ƙi tsirowa sai da aka yi masa sanyin ƙarya a firij, uwarsa fa in ta girma wane firij za a sa ta? Amma murna ba ta bar shi ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin kiwi yana ƙarami zai yi masa uzuri, ganyen faffaɗa ne mai gashi-gashi, sabon toho ja-ja, ga saurin girma a damina ba a magana. A cikin ledoji ya fi duk abin da ke lambun kyan gani.

Ciniki ya buɗe sosai. Yana saida leda ɗaya kuɗin dashen mangwaro mai aure uku ko huɗu, kuma ba a ma tsayawa taya shi. Ya sa a sitatus na WhatsApp, oda ta fara zuwa daga Funtuwa, Kano, har Gusau yana ba direbobi a tasha. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai fara 'ya'ya sai ya ce shekara biyu in sha Allah, don haka ya gani an rubuta a intanet. Kuma yawancin mutane guda ɗaya suke saya saboda tsada, a je a gwada. Waɗannan abubuwa biyu, alkawarin shekara biyu da sayen guda ɗaya, su ne suka dawo masa daga baya.

Waɗanda suka mutu da wuri ba su ba shi wahala ba, don mutanenmu in dashe ya mutu kansu suke zargi, a ce yara ba su ba shi ruwa ba ko akuya ta shiga. Amma mutuwar tana da dalili. Kiwi asalinsa daga tsaunukan China ne, yankin kogin Yangtze, a gefen daji mai laima yake hawa bishiyoyi, ganyensa manya ne masu zubar da ruwa da yawa, saiwarsa kuma ba ta nitsewa ƙasa sosai. Iskar hunturu ta zo ta busar da gefen ganyen ta yayyaga shi, kafin ya farfaɗo bazara ta shigo, Maris da Afrilu zafi ya kai digiri 36 zuwa 38, wanda aka dasa a tsakar gida mai siminti ko intalok kwana kaɗan ya ƙone ƙurmus. Waɗanda suka tsallake wannan kuma Agusta ta kama wasu, don saiwar kiwi ba ta jure kwanciyar ruwa, kwana biyu uku a cikin taɓo ta fara ruɓewa, kuma ƙasar wajen Samaru da Bomo kowa ya san yadda take riƙe ruwa in damina ta yi nisa. Sai masu son gwaninta da suka zuba masa yuriya a gindi kamar masara, shi kuma ba ya son taki mai ƙarfi kusa da saiwa. Gara ta ƙarasa sauran.

Matsalar ta fito ne daga waɗanda suka iya kula da shi. Akwai wata Hajiya a Hanwa, mace mai son shuke-shuke da gaske, tana da bohol, ta dasa nata a gefen katanga ta gabas inda rana ba ta dukansa da yamma, ta sa mai walda ya yi mata rumfar ƙarfe ta ja waya a sama, safe da yamma ana ba shi ruwa, ta lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa. Abin ya hau ya cika rumfa, har ana shimfiɗa tabarma a ƙasa. Shekara biyu ta wuce, ta uku, aka shiga ta huɗu, ko fure ɗaya ba a gani ba. Akwai kuma wani dattijo tsohon malamin jami'a da ya yi ritaya, shi biyar ya saya, uku suka rayu, su ma dai ganye kawai.

To me ya hana? Abu uku ne suka haɗu, kuma ko ɗaya a cikinsu ya isa.

Na farko kuma mafi girma shi ne sanyi. Kiwi irin wanda muke gani a kanti, mai gashi a baya kore a ciki, sunansa Hayward, kuma shuka ce mai barci. In sanyin ƙasashensu ya shigo sai ta zubar da ganye gaba ɗaya ta tsaya cak, kuma idon da zai fitar da fure ba ya buɗewa yadda ya kamata sai ya tara awoyin sanyi ƙasa da digiri 7, wajen awa 600 zuwa 800, wasu wuraren ma fiye da haka suke lissafawa. Ka raba 700 da 24 ka gani, kusan wata guda kenan cur dare da rana a cikin sanyin firij. Yanzu mu dawo Zariya. Mu muna ganin muna da sanyi, kuma muna da shi ɗin in aka gwada da Sakkwato ko Legas, amma ko a tsakiyar Disamba da Janairu da asuba yawanci digiri 12 zuwa 15 ne, ranar da ya yi tsanani ya taɓa wajen 10, kuma kafin azahar ya koma kusan 30. Wato sanyin da ke sa mu ƙin wankan safe, a lissafin kiwi kusan sifili ne. Shi ya sa na Hajiya bai taɓa yin barcin kirki ba, wani reshe yana zubar da ganye wani yana sabon toho, ya rasa gane wane lokaci yake ciki.

Ka duba ma inda ake noma shi a duniya. China ce kan gaba, musamman lardin Shaanxi da Sichuan, sai New Zealand a yankin Te Puke, Italiya a Latina kudu da Rum, Girka, Iran a gaɓar tekun Kaspiyan, da Chile. A taswira, duk nisansu daga layin tsakiyar duniya kusan daga digiri 30 ne zuwa sama, ko ta arewa ko ta kudu. Zariya tana kan digiri 11, tudunta bai wuce mita 700 ba. A Afirka inda aka san ana noma shi na kasuwa shi ne Afirka ta Kudu, su kuma suna da sanyi na gaske har da ƙanƙara a wasu wuraren.

Na biyu, kiwi yana da mace da namiji, kamar dai dabino. Macen ce ke 'ya'ya, namijin fure kawai yake yi ya ba da garin barbara, a gonaki akan sa namiji ɗaya ga mata shida zuwa takwas. Furen ba shi da ruwan zaƙin da ke jan ƙudan zuma, shi ya sa manoman New Zealand suke hayar amya su jera a gona lokacin fure don dole. Kuma ba yadda za a yi ka kalli ganye ka ce wannan mace ce wannan namiji, sai ranar da ya yi fure, na macen za ka ga fararen silillika sun bazu a tsakiya da ɗan ƙullutu a ƙasa, na namijin rawayan gari kawai. In daga iri ka shuka kusan rabi da rabi suke fitowa. Kenan duk wanda ya sayi leda ɗaya a wurin yaron nan, ko da a ce an ɗauko sanyin Italiya an kawo masa gida, ba zai ci kiwi ba, in namiji ya samu ba 'ya'ya har abada, in mace ce ba mai yi mata barbara.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki a ce ya manta, don shi ne sana'arsa. Shi da bakinsa yake gaya wa kwastoma kar ka shuka ƙwallon mangwaro ka sa ran irin uwar, sayi mai aure. To haka kiwi yake. A 1904 wata shugabar makarantar 'yan mata mai suna Isabel Fraser ta kai irin New Zealand daga China, aka shuka, ya fara 'ya'ya a 1910, sannan a shekarun 1920 wani mai lambun dashe Hayward Wright ya zaɓo guda ɗaya mace da ta fi sauran girman 'ya'ya da jure ajiya. Duk Hayward ɗin da ke duniya yau reshen wannan guda ɗayar ne, ta hanyar aure ko yankan reshe ake yaɗa ta, ba ta iri ba. Wanda ya tsiro daga iri wani abu ne daban, zai iya ba da ƙanana ko masu tsami, kuma yakan ɗauki shekara huɗu, biyar har bakwai kafin ya yi furen farko ko a ƙasar da ta dace da shi. Mai aure ma sai shekara uku zuwa huɗu. Maganar shekara biyu ba ta da tushe ko a ina.

Da Hajiya ta gaji da jira sai ta zo lambun ita da maigidanta. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce masa, ɗan nan, kuɗin dashen ba shi ne damuwata ba, kuɗin rumfa da ruwan shekara huɗu fa? Shi kuma ya sunkuyar da kai yana Hajiya ki yi haƙuri wallahi ni ma haka na gani an ce. Alhajin ne ya kawo hujjar da nake jin mutane da yawa suna kawowa, ya ce to ai inabi ma an ce na ƙasar Turawa ne, ga shi nan a Kudan da Hunkuyi ana lodinsa a mota, me zai hana wannan?

Tambayar tana da kyau kuma amsarta ita ce zuciyar maganar. Inabi buƙatar sanyinsa kaɗan ce ƙwarai, manoman Kudan suna iya yaudararsa, su yi masa aski sosai su cire ganye, sai ya ɗauka ya yi barci ya tashi, ya fitar da sabon toho da fure. Furensa kuma mace da namiji a haɗe suke a guri ɗaya, ba ya neman kowa. Sannan shi yana son rana da busasshiyar iska lokacin nuna, abin da muke da shi har ya yi yawa a rani. Kiwi ta kowane ɓangare akasin haka ne, yana son sanyi mai tsawo, yana son laima a iska, ba ya son zafi mai ƙuna. Akwai wani sinadari da ake fesawa don tada idon shuka daga barci, wanda ake saidawa da sunan Dormex, manoman kiwi a New Zealand suna amfani da irinsa a inda sanyi ya yi ƙaranci, amma cike giɓi yake yi, ba ya maye gurbin sanyin da babu shi sam. Kuma guba ne mai ƙarfi, Tarayyar Turai ta janye izininsa tun 2008, ba abin da za a kawo tsakar gida mai yara da kaji ba ne.

Kawun yaron ne ya shiga tsakani, dattijo ne da ya san darajar kwastoma. Ya ce ranka ya daɗe yaro ya yi kuskure kuma nauyinmu ne, aka yi yarjejeniya za a mayar da kuɗin dashen, sannan a dasa mata wani abu mai hawa a kan wannan rumfar kyauta, yaron ya riƙa zuwa yana dubawa har ya kama. Daga nan ya bi sauran waɗanda yake da lambarsu ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu gaskiya, mai son canji ya zo ya ɗauki inabi ko gwaiba ko mangwaro. Wasu sun karɓa, wasu sun ce ya bar shi kawai Allah ya kiyaye gaba, wani kuma ya je ya rubuta a gurup ɗin unguwarsu cewa ɗan damfara ne. Wannan rubutun ya fi mayar da kuɗin yi masa illa, don daminar da ta biyo baya cinikin mangwaronsa ma ya ja baya a wannan yankin, alhali mangwaron ba abin da ya same shi. Tsohon malamin jami'ar shi dariya ma ya yi, ya ce a bar masa nasa yana son inuwar, kuma yana so ya ga iya gudun ruwansu.

Ni ban ɗauke shi ɗan damfara ba, don wanda ya yi niyyar cuta ba ya zama a wuri ɗaya shekara huɗu yana jiran a zo a same shi. Amma ban wanke shi ba. Sana'ar dashe ba kamar saida tumatir ba ce da mai saye zai duba ya ga ruɓaɓɓe a take, a nan mutum alkawari yake saya, sai bayan shekaru zai san abin da aka ba shi, saboda haka nauyin bincike yana kan mai saidawa. Kuma a Zariya ne fa, garin da cibiyar binciken aikin gona ta IAR take tun 1922, ga NAERLS masu wayar da kan manoma, duk a Samaru, kuɗin Keke Napep ɗaya ne daga lambunsa. Tambaya ɗaya a can ta ishe shi. Malamanmu ma kullum suna faɗa a babin ciniki cewa in kaya yana da aibi wajibi ne a bayyana, to wanda bai san kayansa ba ta yaya zai bayyana aibinsa?

Wasu za su ce ai akwai nau'in da ba ya son sanyi da yawa. Akwai, kamar Vincent da ake shukawa a kudancin Kalifoniya, wanda ake cewa awa 100 ta ishe shi, amma awa 100 ɗin ma ƙasa da digiri 7 ake nufi, mu kuma ba mu da ita. Akwai Jenny mai yi wa kanta barbara, ta warware matsalar namiji amma ba ta warware ta sanyi ba. Kuma shigo da dashe mai rai daga waje ba a cikin jaka ake yi ba, sai da izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai, kuma dokar tana da dalili, cutar Psa da ta ɓulla a New Zealand a 2010 sai da ta kusa share musu nau'in kiwi mai ruwan zinare na wancan lokacin, dole suka canza shi da wani. In dai gwaji ake so a Najeriya, inda hankali zai fi kwanciya shi ne tsaunin Mambila wajen Gembu inda ake noman shayi, tudun ya haura mita 1,500, ko Jos mai wajen mita 1,200 inda sitiroberi yake yi, kuma can ɗin ma da sunan gwaji za a shiga, da dashe mai aure wanda aka san macensa da namijinsa, ba da sunan a saida wa mutane ba.

Yanzu dai ya daina tsirar da kiwi. Ragowar ledojin ya ba wani ɗalibi ɗan Gembu ya tafi da su gida, ya bar guda biyu a gindin mangwaro don masu tambaya, kuma har yau ana tambayar, in mutum ya nace sai ya ce masa na ado ne, ba ya 'ya'ya a nan, in ka yarda ka ɗauka a kuɗin fulawa. A rumfar Hajiya kuma fashon furut mai ruwan ɗorawa ya dasa, wani kayan marmari mai hawa wanda shi ɗan ƙasar zafi ne, kuma wannan karon sai da ya yi tambaya tukuna, aka gaya masa shi ma ba ya son barbarar kansa, don haka ya sa guda uku daga uwa daban-daban. Bai cika shekara ba ya fara zuba 'ya'ya. Ya kuma gaya mata tun ranar dashen cewa wannan ba ya daɗewa, bayan shekara uku zuwa huɗu ƙarfinsa zai ragu sai an sake sabo, ta ce ta ji, ya ajiye mata wasu a leda kafin lokacin.